Gidan Chengqi na Fujian: kuɗin tikiti ke riƙe da shi ko hayaƙin murhu?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ga batun wannan makon. A ƙauyen Gaobei da ke Yongding, cikin lardin Fujian na ƙasar Sin, akwai gidan zuri'ar Jiang da ake kira Chengqi Lou. An kammala shi a 1709. Ginin ƙasa ne zagayayye, faɗinsa ya haura mita 60. Zoben waje bene ne mai hawa huɗu, kowane hawa ɗaki 72, sannan akwai wasu zobban a ciki, ɗaya cikin ɗaya, da zauren kakanni a tsakiya. Lokacin da gidan ke cike, magidanta wajen 80 ne a cikinsa. A 2008 UNESCO ta sa irin waɗannan gidaje guda 46, da ake kira tulou, cikin kayan tarihin duniya, kuma yana cikinsu. Yanzu kullum motoci na sauke 'yan yawon buɗe ido a ƙofarsa. Tambayata biyu ce. Me ya riƙe bangon ƙasa shekara 300 a yankin da ruwan sama ke haura milimita 1,500 a shekara, ga kuma guguwar teku? Sannan zuwan baƙi da kuɗinsu, gyara ne ko ɓarna?

Injiniya Maman Amira:
Wa alaikumus salam. Bari in ɗauki ta farko, don sai an fahimci bangon kafin a yi gardamar baƙi.

Ba tubali ba ne, daɓe ne. Ana haƙa harsashi a cika da manyan duwatsun kogi, a ɗaga ginin dutse sama da ƙasa har ya wuce inda ambaliya ta saba kaiwa. Wajen jera dutsen, babban kai ake juyawa ciki, ƙaramin ya kalli waje, don kada wani ya iya zare shi daga waje. A kan wannan dutsen ƙasa ke farawa, ba ta taɓa doron ƙasa ko kaɗan.

Ƙasar kuma ba a haƙa yau a gina gobe. Ana haɗa jar ƙasa ta ƙarƙashi da yumɓun gona da yashi, a tara, a riƙa juyawa ana farfasa ɓurɓushi har ta kwanta. Gwajin ruwanta a hannu ake yi: a dunƙula, in ta riƙe siffa ba ta jiƙa tafin hannu ba, kuma in aka sake ta daga tsayin ƙugu ta wargaje, to ta yi. In ta faɗi ta baje kamar tuwo, ruwa ya yi yawa, bangon zai tsattsage idan ya bushe. In ta ƙi dunƙuluwa, ba za ta daɓu ba.

Sai a kafa alluna biyu na katako a gefe da gefen bangon, tsawonsu mita ɗaya da rabi zuwa biyu, tsayinsu kamar santimita 40. A zuba ƙasa kaɗan-kaɗan, mutum biyu su riƙa kirɓawa da taɓaren katako har ƙarar ta canza. Tsakanin zubi da zubi ana shimfiɗa tsagin gora ko rassan itace a tsawon bangon, su ne jijiyoyinsa. In akwati ya cika a kwance allunan a matsa gaba. Layi na gaba ba ya bin gaɓar na ƙasa, a karkace ake ɗora shi. Kafin ƙasar ta bushe wasu na biye da faffaɗan madaɓi suna bugun fuskar bangon ciki da waje, suna toshe ramuka. Wannan bugun shi ke ba shi fata mai tauri.

A Chengqi kaurin bangon a ƙasa wajen mita ɗaya da rabi ne, yana raguwa har ya dawo ƙasa da mita ɗaya a hawa na huɗu, kuma yana ɗan kwantawa ciki.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, kin bar babban sirrin. Ai shinkafa mai danƙo da mazarƙwaila suke kwaɓawa a ciki, shi ya sa bangon ya fi siminti ƙarfi.

Injiniya Maman Amira:
Yaya, wannan maganar masu zagayawa da baƙi ce, sun ƙara mata gishiri. Akwai haɗin farar ƙasa da yashi da yumɓu, kuma wani lokaci ana zuba masa ruwan shinkafa mai danƙo da mazarƙwaila, wannan gaskiya ne. Amma a wuraren da ruwa ke duka ake sa shi, ko a yaɓen fuska, kuma an fi samunsa a gine-ginen da ke kusa da gaɓar teku. Ka yi lissafi da kanka: zagayen Chengqi ya kusa mita 200, kauri sama da mita, hawa huɗu. Dubban tan na ƙasa ke nan. Wane ƙauye ne a kan duwatsu zai zuba shinkafar da za ta ratsa wannan? Jikin bangon ƙasa ce da gora da ƙarfin dantse. Kuma bai fi siminti ƙarfi ba, ko kusa. Kaurinsa da siffarsa ne ke ɗauke da shi.

Maginin Gwale:
Na yarda da Hajiya. Abin da nake so a duba shi ne bushewa. Bango mai kaurin mita ɗaya da rabi ba ya bushewa a wata guda. Yaya suke ɗora katako a kan abin da bai gama zama ba?

Injiniya Maman Amira:
Nan gwanintar take, Malam. Ba a gaggawa, galibi hawa ɗaya ake yi a shekara, a lokacin rani, a rufe kan bangon kafin damina. Duk da haka akwai matsala biyu da maginan suka san da su.

Ta farko, bango na raguwa a tsayi idan yana bushewa, amma ginshiƙin katako ba ya raguwa. Gungumen da ke ɗauke da daɓen bene kansa ɗaya na cikin bango, ɗayan na kan ginshiƙi. In aka ɗora shi daidai wa daida, bayan shekara gefen bango zai sauka, ɗakin ya karkace. Don haka da gangan suke ɗaga gefen bango kaɗan, su bar shi ya sauko da kansa.

Ta biyu, fuskar da rana ke duka tana rigan ɗayar bushewa ta yi tauri, mai inuwa tana nan da laushi, sai bangon ya riƙa sunkuyawa wajen inuwa. Magini sai ya ɗan karkata ginin wajen rana tun yana daɓawa. Babu ma'aunin da aka rubuta, ido ne da sabo. Tagogi ma sai bango ya bushe ake fasa su, katakon saman taga kawai ake binnewa tun farko. Hawa na ɗaya da na biyu ba su da taga ta waje sam, saboda tsaro.

Kafinta Na-Fagge:
Ku ba ni wuri in yi maganar rufi, don ni a ganina shi ne rabin amsar Baban Sadiq. Bakin rufin tulou na fitowa waje mita biyu ko fiye. Ruwan da ke sauka a tsaye ba ya taɓa saman bangon, can nesa yake zuba a kan shimfiɗar duwatsu, kwata ta kwashe. Rufin kansa ƙananan fale-falen yumɓu ne masu lanƙwasa, layi ɗaya a rigingine, layi ɗaya a kife a kansa, ba siminti ba ƙusa, nauyinsu da hawan da suka yi wa juna ne ke riƙe su. Amfanin haka, mutum ɗaya zai hau ya canza guda biyar ya sauko. Illarsa, iska mai ƙarfi na zame su, ganye na toshe layin da ruwa ke bi.

Ga yadda ɓarna ke tafiya. Fale ɗaya ya zame. Ruwa ya ɗiga kan siririn katakon da ke ƙarƙashi, ya ruɓe cikin damina biyu ko uku. Layin ya lotsa, ruwa ya ƙaru, ya bi gungume har inda kansa ya shiga bango. Wurin nan ba ya shan iska, sai kan gungumen ya ruɓe a ɓoye, ƙasar da ke kewaye da shi ta jiƙe ta yi laushi. Daga nan ruwa ya samu hanya ta saman bango, ya tsaga shi daga sama zuwa ƙasa. Duk tulou da ka gani ya rufta, je ka duba, galibi ta sama ya fara.

Katakon cikin kuwa haɗin fafe-da-zura ne, an fafe wani an zura bakin wani. Ana iya zare ginshiƙi ɗaya a canza in an tokare na kusa. In ƙasansa kawai ya ruɓe ba a jefar da shi, yanke ruɓaɓɓen ake yi a ɗaura sabon guntu da irin katakon, a mayar da shi kan dutsensa.

Baban Sadiq:
To ku shigo tambaya ta biyu mana. Wa ke ganin falen da ya zame?

Kafinta Na-Fagge:
Wanda ruwan ya ɗiga wa a gado. Amsar ke nan. Tsarin gidan a tsaye aka raba shi: kowane iyali na da kicin a ƙasa, rumbun hatsi a hawa na biyu, ɗakunan kwana a na uku da na huɗu. Ke nan kowane yanki na rufin akwai mai kwana a ƙarƙashinsa. Kicin kuma jere suke a zagaye, hayaƙi da zafi na ratsa katako kullum, suna busar da shi, gara da ƙwaro ba sa jin daɗin wurin. Ranar da aka kulle ɗaki aka koma birni, an rasa mai gadi an rasa hayaƙi.

Malama Ta-Zazzau:
Malam Kafinta, Allah ya ƙara basira, amma kada mu ɗora wa baƙi laifin da ba nasu ba. Mutane sun fara barin tulou tun kafin tikiti. Daga shekarun 1980 matasa suka kwarara Xiamen da Guangdong neman aiki, masu kuɗi suka gina gidan bulo mai banɗaki a ciki. Tulou ba shi da banɗaki a sama, bangon tsakanin ɗakuna da daɓen katako ba sa ɓoye motsi, amarya ba ta son haka. Dubbai ne irin waɗannan gidaje a kudancin Fujian, 46 kawai ke cikin jerin UNESCO. Je ka ga waɗanda ba sa cikin jerin kuma ba mota ke zuwa ba, da yawa rufin ya faɗa, ciyawa ta fito a tsakar gida. Waɗanda baƙi ke zuwa su ne rufinsu ke lafiya, domin akwai kuɗin gyara kuma akwai hukumar da za a tuhuma.

Chengqi ya shiga jerin kayan tarihin da gwamnatin tsakiya ke karewa a 2001. Wani tulou, Eryi Lou na gundumar Hua'an, ya riga shi, tun 1996. Dokar kare kayan tarihi ta ƙasar, wadda aka fara kafawa a 1982, ta tsaya a kan cewa gyara ba zai canza ainihin yadda abu yake ba. Ma'ana mai ɗaki ba shi da ikon fasa taga ko ya shafa siminti don ya ga dama.

Maginin Gwale:
Malama, dokar na da kaifi biyu. Da, mai ɗaki ya ga ɗigo ya hau da tsani ya gyara kafin la'asar. Yanzu gini na hukuma ne a ido, sai ya kai rahoto ya jira. Babban gyara sai an zana, an amince, an ba ɗan kwangila. Ɗigo ba ya jiran takarda. Kuma in mutum ya saba cewa kamfanin tikiti ne ke gyara, ko tsintsiya ba zai sa wa kwata ba.

Malama Ta-Zazzau:
Wannan gaskiya ne, shi ya sa ake raba aikin gida biyu. Kulawar yau da kullum, wato mayar da fale, share kwata, cire tsiro daga bango, bai kamata ta bi dogon layi ba, a bar ta hannun mazauna a biya su. Abin da ya taɓa ƙashin gini ne ke buƙatar zane da izini. Inda aka haɗe su biyun a hannun ofis, nan ake samun abin da kake faɗa.

Ɗan Damagaram:
Mu a nan abin da muka sani shi ne tsohon garin Agadas, da ya shiga jerin UNESCO a 2013, kuma babbar rigimar ginin ƙasa ita ce siminti. Mutum na ganin ya kyauta wa bango in ya yaɓe shi da siminti. Su ma can haka ne?

Injiniya Maman Amira:
Ciwon ɗaya ne, Yaya, ko da yake ginin ya bambanta. Bangon ƙasa na tsotsar laima daga ƙasa ya fitar ta fuskarsa. In ka rufe fuskar da siminti, laimar ba ta da mafita, sai ta hau sama ta taru a baya. Gishirin da ke cikin ruwan ya daskare a nan ya mayar da ƙasar gari. Daga waje sumul, ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, ranar da ɓawon ya faɗo ya taho da bango mai kaurin tafin hannu.

A wurin yawon buɗe ido abin ya fi zuwa ta ƙasa. Ana son baƙi su taka wuri mai tsabta, sai a malala kankare ko a ɗaga hanya a kewayen gida. Abu uku ke biyo baya: ƙasa ta daina fitar da laima sai ta gindin bango, ruwan da ke zubowa daga rufi ya riƙa fantsama sama, kuma tsayin ginin dutsen ya ragu tunda an ɗaga doron ƙasa. Shimfiɗar duwatsun kogi ta asali ba ado ba ce, ruwa na bi ta tsakaninsu ya nutse.

In gindin bango ya riga ya zaizaye, ga tsarin gyara. A fara kashe tushen ruwan, in ba haka ba aikin banza ne. A tokare in ramin ya yi zurfi. A kankare duk abin da ya yi laushi har a kai ƙasa mai tauri, a gyara ramin ya zama mai kusurwa, kada a bar shi kamar kwano, don ciko ba ya zama a kwano. A yayyafa ruwa kaɗan. A cike da ƙasa irin ta bangon, ko dai a daɓa ta siriri-siriri, ko a yi tubalinta a busar tukuna, wanda ya fi, domin ya riga ya gama raguwa. Kada a buɗe fiye da kamar mita ɗaya a lokaci guda, a yi nan a tsallake nan, sai na farko ya kama a dawo. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa ciko ya fi bangon ƙarfi. Ciko mai tauri ba ya motsi tare da tsohuwar ƙasa, sai zaizayar ta koma gefensa.

Maginin Gwale:
Tsaga fa? Ana cewa akwai wanda girgizar ƙasa ta tsaga ya haɗe da kansa.

Injiniya Maman Amira:
Huanji Lou ake nufi, da girgizar 1918. Mutanen wurin na cewa tsagar ta buɗe sosai sannan ta matse, kuma tabonta na nan. A zobe mai kwantawa ciki nauyi na tura ɓangarorin su matsu, don haka abin ba tatsuniya ba ne gaba ɗaya. Amma matsewa daban, haɗewa daban. Ƙa'ida ita ce kada a cike tsaga sai an san ko tana motsi. A manna alama a kanta, a riƙa aunawa har rani da damina su zagayo. In ba ta motsi, a ɗinke ta: a yanka gurabe a kwance, a sa gora ko katako, a cike da ƙasa. In tana motsi, matsalar na harsashi ko ruwa, ciko ɓata lokaci ne. A Gaobei ɗin ma, kusa da Chengqi, akwai Wuyun Lou mai kusurwa huɗu wanda ya girme shi, bangonsa ya karkace har sai da aka tokare shi. Masu kusurwa sun fi saurin tsagewa a kusurwar.

Kafinta Na-Fagge:
Akwai abin da ya fi ruwa sauri, wuta. Cikin gidan duk katako ne busasshe, baranda a zagaye, in ta kama zagayawa za ta yi. Magabata sun san haka. A Zhencheng Lou, wanda iyalan Lin suka fara a 1912 da kuɗin sana'ar wuƙar yanka taba, an raba zoben gida takwas da bangon bulo a tsakani don wuta ta tsaya a yanki ɗaya. Eryi Lou kuma kowane iyali da nasa sashe da matakalarsa. Chengqi ba haka yake ba, baranda ɗaya ce ke zagaye kowane hawa, matakala huɗu. A saman ƙofar wasu gidajen har akwai hanyar zuba ruwa daga bene in maƙiyi ya cinna wa ƙofa wuta.

To yanzu ku ƙara wayar lantarki da aka ja a kan katako, da tukunyar dafa shayi a kowane shago, da fitilun ado, da kayan tsaraba na roba da takarda jibge a hawan ƙasa. Wannan kam baƙi ne suka kawo shi, Malama. Waya dole ta bi cikin bututu, kowane sashe da abin katse wutarsa, rijiyoyin tsakar gida kada a rufe su don ado, hanyar ƙofa kada a cushe ta da tebur.

Malama Ta-Zazzau:
Ban musa ba. Ƙari ma, daɓen bene an yi shi ne don iyali, ba don mutum 50 su taru a gefe ɗaya suna ɗaukar hoto ba. Shi ya sa a gidajen da aka fi ziyarta ake hana baƙi hawa sama, ko da yake wasu mazauna na karɓar 'yan kuɗi su hau da mutum a ɓoye. Wannan kuma na komawa ga rabon kuɗin tikiti. Kamfani ke karɓa a ƙofar ƙauye, abin da ke isa hannun mazauna kaɗan ne, an kuma sha samun saɓani a kai. Wanda gidansa ya zama kasuwa, aka hana shi kiwon alade da kaji a inda ya saba, aka hana shi ƙara ɗaki, dole ya nemi inda zai fanshe.

Baban Sadiq:
Ke nan in na fahimta, ba wanda ke cewa a kori baƙi, ba kuma wanda ke cewa a kwashe mazauna a mayar da shi gidan tarihi zalla?

Maginin Gwale:
Ni dai na fi tsoron na biyun. Amma a bar mutum a ciki ba ruwa ba banɗaki, wannan ma kora ce a hankali.

Injiniya Maman Amira:
Ana iya sa banɗaki, Malam, sharaɗi ne da shi. Kada bututu ya shiga cikin bangon ƙasa ko kaɗan, domin ɗigon da ba a gani a cikin bango ya fi na rufi haɗari. A bi da shi a fili ta gefen tsakar gida inda ido zai gan shi, a sauke shi cikin tsohuwar magudanar da ke fita ta ƙarƙashin ginin dutse, ko a ja sabuwa ta bakin ƙofa. Ɗakin wankan ya zama akwati mai zaman kansa, da tiren da ke tare ruwa a ƙasa, da tazarar iska tsakaninsa da bango da katako, yadda za a iya kwance shi gobe ba a bar tabo ba. In sashen ba zai ɗauki wannan ba, a gina banɗakunan a waje, nesa da gindin bango da 'yan mitoci, a gefen da ƙasa ke gangarawa.

Kafinta Na-Fagge:
A ƙara da wannan cikin sharaɗin: ɗakin da aka kulle a sama, a bar mabuɗinsa wurin wani a gidan. A buɗe shi a sha iska, a duba kan gungume da tsinken ƙarfe kafin damina da bayan kowace guguwa. In tsinken ya shige fiye da gaɓar yatsa, a kira kafinta a ranar.